Maki 9: Tarihin Ƙa'idar Taku Uku da Yaran Gabashin Sakkwato

Wannan makon lissafi za mu taɓa, amma kada kowa ya tsere, labari ya fi lambobi yawa a ciki.

A shekarar 2013 jaridun Najeriya suka buga wani jadawali da har yau ya ƙi mutuwa. Duk ranar da cacar bakin Kudu da Arewa ta tashi a intanet, sai wani ya tono shi ya liƙa. Jadawalin makin da ake nema ne daga ɗan kowace jiha kafin a ɗauke shi a makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kai. Jarrabawar maki 200 ce. Ɗan Anambra sai ya ci 139, ɗan Legas 133, ɗan Kano 67. Da aka gangaro Sakkwato sai aka ga 9 ga namiji, 13 ga mace. Zamfara kuwa 4 da 2.

Masu zagi suka yi zaginsu, suka ce ga shaidar daƙiƙanci an kawo da lamba. Namu kuma suka mai da martani da zafi, wasu suka ce ƙarya ce, wasu suka ce hassada ce. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi me lambar take aunawa. Mu da muke son zama marubuta, wannan tambayar ita ce aikinmu, domin gobe ɗayanmu zai zauna ya rubuta labarin wani yaro ɗan Tsamaye ko Gatawa ko Bargaja da ya je jarrabawa, kuma lambar da zai ɗora a kan yaron za ta bi shi har ƙarshen littafi. Kafin mu koma kan maki 9, bari mu san ma'aunin da masu jarrabawa na duniya suke riƙe da shi, da inda suka samo shi.

Ku tuna tsibin gero a masussuka. Idan ana zuba hatsi daga ƙwarya a wuri ɗaya, tsakiya ce take tasowa, gefe da gefe suna gangarawa, can nesa kuma sai 'yan ƙwayoyin da suka yi tsalle. Masana lissafi sun lura cewa abubuwa da yawa idan aka auna su aka jera, irin wannan siffa suke bayarwa: yawancinsu a tsakiya, kaɗan a sama, kaɗan a ƙasa, dama da hagu daidai wa daida. Turawa suna kwatanta ta da ƙararrawa. Mu tsibi za mu ce.

Lamba biyu ke bayyana tsibi. Ta farko matsakaici, wato a tara maki duka a raba da yawan yara. Ta biyu ita ce ma'aunin bazuwa, mai nuna yadda makin ya warwatsu daga tsakiya, kuma a nan za mu kira ta taku. Ga yadda ake fitar da ita. A ce yara biyar sun ci 40, 45, 50, 55 da 60. Matsakaici 50 ne. Nisan kowanne daga 50 shi ne 10, 5, 0, 5, 10. A ninka kowane nisa da kansa, a sami 100, 25, 0, 25, 100, jimla 250. A raba da biyar, 50. Sai a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 50, wato 7 da ɗan ɗoriya. Takun wannan aji 7 ne ke nan.

Ƙa'idar kanta gajera ce. Idan maki ya yi siffar tsibi, kusan kashi 68 cikin 100 na yara suna tsakanin taku ɗaya ƙasa da matsakaici da taku ɗaya sama da shi. Kusan kashi 95 suna cikin taku biyu. Kashi 99.7 suna cikin taku uku. A jarrabawar da matsakaicinta 50 ne, takunta 10, yara 68 cikin 100 za su faɗa tsakanin 40 da 60, yara 95 tsakanin 30 da 70, kuma cikin yara 1,000 uku kacal ne za su fita daga tsakanin 20 da 80. Yarinyar da ta ci 70 ta wuce kusan 97 cikin kowane 100 na abokan zamanta, alhali a wata jarrabawar mai matsakaicin 65 wannan 70 ɗin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Amfanin ƙa'idar ke nan, kuma ba ƙarami ba ne: tana hana mu ruɗuwa da lamba tsirara. Sai dai ku riƙe kalmar "idan" da aka fara da ita. Duk rigimar tana cikinta.

Wanda ya fara gano waɗannan lambobi ɗan gudun hijira ne. Abraham de Moivre Bafaranshe ne da aka haifa a 1667, ya bar ƙasarsa bayan da sarkin Faransa ya janye kariyar da mabiya ɗariƙarsa ta Kirista suke da ita a 1685. Ya ƙare rayuwarsa a Landan yana koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, yana kuma zama a wani gidan shan gahawa inda 'yan caca ke biyansa ya lissafa musu sa'a. A 1733 ya buga wata 'yar takarda da Latinanci kan tambaya ɗaya: idan aka jefa kwabo sau da yawa, yaya yawan faɗuwarsa a kan fuska ɗaya zai kauce wa rabi? Ya nuna cewa a jifa 3,600 tsakiya 1,800 ce, taku kuma 30, kuma kusan kashi 68 cikin 100 na lokuta sakamakon zai tsaya tsakanin 1,770 da 1,830. Ya rasu a 1754 cikin talauci, zamanin da Babari ke sarautar Gobir. Babu ɗalibi ko ɗaya a lissafinsa. Kwabo ne, wanda ba ya jin yunwa, ba a rufe masa makaranta.

Daga teburin caca ƙa'idar ta koma sama. Masu nazarin taurari suna da wata damuwa: mutum goma su auna matsayin tauraro ɗaya, su kawo amsa goma. Wacce ce gaskiya? A 1809, shekara ɗaya bayan faɗuwar Alƙalawa, Bajamushe Carl Friedrich Gauss ya buga littafinsa kan tafiyar halittun sama, inda ya ɗauki kurakuran awo a matsayin masu bin siffar tsibin nan: ƙananan kurakurai sun fi yawa, manya kaɗan ne, kuma kuskure zuwa dama bai fi kuskure zuwa hagu ba. Laplace na Faransa ya ƙara bayanin dalili a 1810: duk abin da ya samu daga tarin ƙananan dalilai masu yawa, waɗanda ba ruwan wani da wani, jimlarsu tana karkata ga wannan siffa. Shekaru da dama ana kiranta dokar kuskure. Ku lura da sharaɗinta a nan. Tauraron ɗaya ne. Gaskiyar ɗaya ce, tana tsakiya, bazuwar kuma rawar hannu ce da ƙyaftawar ido.

Tsallen da ya shafe mu wani ɗan Beljiyam ne ya yi shi, Adolphe Quetelet, shi ma masanin taurari. Ya ce me zai hana a auna mutane kamar yadda ake auna tauraro? A 1835 ya fito da tunanin matsakaicin mutum. Daga baya ya ɗauko awon ƙirjin sojojin Sikotilan 5,738 da wata mujallar likitoci ta buga, ya jera, ya ga sun yi tsibi a kusa da inci 40. Sai ya fassara abin da cewa kamar akwai soja ɗaya na asali, sauran duk kwafinsa ne da aka yi da ɗan kuskure. Tunani ne mai daɗin ji, mai kuma haɗari, domin daga ranar wanda ya yi nisa da tsakiya ya zama kamar kuskure.

Amma Quetelet ya yi wani abu guda da ya kamata kowane marubuci ya so. Ya duba tsawon samari 100,000 da aka kira aikin soja a Faransa. Doka ta ce wanda bai kai mita 1.57 ba an sallame shi. Da ya jera lambobin sai ya ga tsibin ya lotsa daidai saman wannan iyaka, ya kumbura a ƙasanta. Ya lissafa cewa samari fiye da 2,000 ne aka rage wa tsawo a takarda don su tsira daga bariki. Ruwa ba ya tsami banza. Inda tsibi ya karkace, akwai hannun mutum ko wani babban dalili a wurin, kuma a nan labari yake.

Shigar ƙa'idar ɗakin jarrabawa aikin Francis Galton ne, ɗan uwan Charles Darwin. A littafinsa na 1869 kan gadon hazaƙa ya ɗauki makin masu neman shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a watan Disamba na 1868, mutum 73, ya gwada da tsibin Quetelet, ya ce sun dace. (Makarantar nan ce Lugard ya ratsa shekara goma bayan haka, ita ce kuma daga baya ta horar da su Zakariya Maimalari da Hassan Usman Katsina da Murtala Muhammad.) Daga samari 73 'ya'yan masu hali na Ingila, Galton ya yanke wa duniya hukunci. Ya ce basira gado ce, ya kasa ta mataki-mataki, ya ajiye baƙar fata mataki biyu ƙasa da Turawan Ingila. Bai ba wa Ba'afirke ko ɗaya jarrabawa ba. Labaran matafiya ya tattara da abin da ya ce ya gani a tafiyarsa ta ƙasar da yau ake kira Namibiya, ya sa musu rigar lissafi. Shi ne kuma a 1883 ya raɗa sunan aƙidar tace iri a tsakanin 'yan Adam. Almajirinsa Karl Pearson ne ya raɗa wa taku sunan da ake kiransa da shi a Turance, a 1893. Saboda haka mai liƙa jadawalin 2013 yana dariya ba sabon abu ya ƙirƙiro ba, tsohuwar hanya ya bi.

Abin da ya biyo baya za mu taƙaita. A 1908 wani malami a Jami'ar Missouri ta Amurka, Max Meyer, ya ba da shawarar a riƙa raba sakamako da kaso tsayayye: 3 cikin 100 a ƙoli, 22 a bayansu, 50 a tsakiya, 22 a ƙasa, 3 su faɗi. A Yaƙin Duniya na Biyu rundunar saman Amurka ta kasa tsibin gida tara don tantance masu neman tuƙin jirgi, da kaso 4, 7, 12, 17, 20, 17, 12, 7, 4. A nan an juya al'amarin. Da can ana auna mutane a ga ko sun yi tsibi. Yanzu an ƙera tsibin tun da farko, ana zuba mutane a ciki.

Mu ma matakai tara muka gada. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952 tana ba da sakamako daga A1 zuwa F9. Sai dai alƙalumanta sun nuna ba kaso tsayayye take rabawa ba: waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi kashi 31.28 ne a 2014, suka zama 81.7 a 2021. Ƙwaƙwalwar yaran ƙasa ba ta ninka biyu da rabi cikin shekara bakwai. Wani abu ne dabam ya motsa, ko a aji, ko a ɗakin jarrabawa, ko a teburin masu maki, kuma duk wanda zai yi rubutu a kai sai ya bi sawu.

To, mu gwada ƙa'idar da kanmu a kan lambobin gida. A watan Mayu na 2025 hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fitar da rabe-raben sakamakon mutum 1,955,069. Jarrabawar maki 400 ce. Waɗanda suka ci ƙasa da 100 su 2,031 ne. Daga 100 zuwa 119, mutum 3,820. Daga 120 zuwa 139, mutum 57,419. Daga 140 zuwa 159, mutum 488,197. Daga 160 zuwa 199, mutum 983,187, wato rabin kowa da kowa. Daga 200 zuwa 249, mutum 334,560. Daga 250 zuwa 299, mutum 73,441. Daga 300 zuwa sama, mutum 12,414.

Idan muka ƙiyasta daga wannan jadawali, matsakaici yana wajen 180, taku kuma 30 da 'yan kai. Mu ɗauki 180 da 30 don sauƙi. Ƙa'ida ta ce kashi 95 suna tsakanin 120 da 240, ragowar 5 su rabu biyu, rabi a ƙasa rabi a sama. Ke nan muna sa ran kusan mutum 49,000 a ƙasa da 120. Nawa aka samu? 5,851. Mu leƙa ɗaya gefen. Taku uku sama da tsakiya shi ne 270, inda ƙa'ida ta ce ba za a wuce mutum 3,000 ba. Amma waɗanda suka kai 300 kaɗai sun haura 12,000. A tsakiya ƙa'idar ba ta yi nisa da gaskiya ba, a gefuna kuwa ta sha ƙasa. Tsibin JAMB ya jingina da bango ta hagu, ya ja doguwar jela ta dama.

Bangon ba abin mamaki ba ne. Tambayoyin na zaɓi ɗaya cikin huɗu ne, kuma ba a rage maki don an yi kuskure. Wanda bai buɗe littafi ba, ya shiga yana canke, zai tashi da kusan rubu'i, wato wajen 100. Don haka da wanda ya san kaɗan da wanda bai san komai ba duk sun cunkushe wuri ɗaya. Jelar kuma ta 'yan tsirarun da suka sami makaranta mai malamai da littattafai da darasin yamma ce, su da masu naci na musamman. Sannan kwana kaɗan bayan fitar jadawalin, ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na lambobin da muka gama lissafi da su ashe ba awon yara ba ne, awon kwamfuta ne. Masu sharhin da suka riga suka rubuta cewa yaran zamani sun lalace da waya ba su dawo sun goge ba.

Kada a ce wannan halin Najeriya ne kawai. A 1989 wani mai bincike a Amurka, Theodore Micceri, ya tara manyan tarin sakamako 440 na jarrabawa da gwaje-gwajen tunani, ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Bai sami ko ɗaya da ya cika sharaɗin tsibin Gauss ba. Wasu sun karkace, wasu suna da ƙusumbi biyu ko uku.

Ƙusumbi biyun nan shi ne batunmu, domin shi ne siffar gabashin Sakkwato idan aka haɗa shi da birni a takarda ɗaya. Mu ƙaddara misali. Yara 100 a wata makaranta cikin birnin Sakkwato da ba a taɓa rufewa ba, matsakaicinsu 65, takunsu 8. Wasu 100 a makarantar da ta yi zango uku a kulle, matsakaicinsu 25, takunsu 8. Jami'i a ofis ya haɗa su, ya sami matsakaici 45, taku kusan 21. Ya buɗe ƙa'ida, ta ce masa kusan yara 37 suna tsakanin maki 40 da 50. A zahiri shida ne. Matsakaicin ɗalibin da zai rubuta rahoto a kansa kusan babu shi a ko wane aji. Idan kuma ya sauka taku uku ƙasa, zai isa maki 18 ƙasa da sifiri, abin da ba a taɓa ci ba. Laplace ya ce ƙananan dalilai masu yawa. A nan dalili ɗaya ne ƙato, ya raba yara gida biyu.

Kuma wannan dalili yana da kwanan wata. Ƙasar nan ta Sabon Birni da Isa bakin iyaka ce tun asali. Bayan Alƙalawa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni a rabi na biyu na ƙarni na 19. Da Turawa suka ja layinsu, dangi suka rabu, wasu a Nijar wasu a Najeriya. Boko ya iso nan a makare, ya kuma iso da ƙaranci. Makarantar Ɗan Hausa ta Kano 1909 ce, Kwalejin Katsina farkon shekarun 1920, Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato 1966, amma yawancin ƙauyukan Arewa sai da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 suka ga aji. Tazarar da ke tsakanin jikan wanda ya yi boko da ɗan fari a gidansu da ya riƙe fensir ba ta cikin kwanyar kowa.

A kan wannan tsohuwar tazara sabuwar masifa ta sauka. Tun 2019 dubban mutanen yankin suke tsallakawa jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, suna gudun 'yan bindiga. Ranar 27 ga Mayu 2020 aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma. A watan Disamba na shekarar, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na bakin iyaka, cikinsu har da sakandaren gwamnati ta Isa da ta Sabon Birni da kwalejin fasaha ta Bafarawa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Ku haɗa wannan da yadda jarrabawar JAMB ta koma: tun 2015 a kwamfuta ake yinta gaba ɗaya, tun 2021 kuma sai da lambar ɗan ƙasa, rajista tana farawa da saƙon waya. Yaron Tsamaye da zai zauna gaban wannan kwamfuta sai ya sami layi, ya sami lamba, ya sami kuɗin mota, ya kuma bi hanyar da manya ke addu'a kafin su hau.

Yanzu mu koma kan maki 9. Makin yanka ba matsakaici ba ne. Ba ya cewa yaran Sakkwato 9 suke ci. Tsarin makarantun haɗin kai ya ware wa kowace jiha gurabe, kuma makin yanka shi ne inda aka tsaya da aka gangaro jerin 'yan jihar ana cike guraben. Jihar da dubbai suka nema, za a cike tun ana can sama. Jihar da masu nema ba su kai yawan kujeru ba, sai a gangara har ƙasan jeri. Maki 9 cikin 200 bai kai kashi 5 cikin 100 ba, abin da ko mai canke ya kamata ya wuce, don haka ma'anarsa a aikace ita ce duk wanda ya zo a ɗauke shi. A 2018 rahotanni suka nuna yara 28 kacal suka yi rajistar wannan jarrabawa daga Zamfara, maƙwabciyar Isa ta wajen Shinkafi, a lokacin da Legas ke da fiye da 20,000. Da mutum 28 ba a zancen tsibi, ba a zancen taku uku. Ƙa'idar da ke magana kan uku cikin dubu ba ta da abin cewa a kan 'yan aji guda.

Wannan bayani ba wanke kowa ya yi ba, mu faɗi gaskiya. Ya ɗauke zargi daga kan yaro ya mai da shi inda ya dace, kuma wurin ya fi ciwo. Jihar da ke da yara 'yan aji shida dubbai ta kasa tura ko cikin mota biyu, wannan ya fi maki 9 muni. Haka kuma ɗan Anambra da ya ci 130 aka ce ya koma gida yana da hujjar jin haushi, kuma marubucin kirki zai iya ba shi babi guda cikin adalci. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki lambar da ke ƙirga kujeru a ce tana auna kai.

Akwai ma tambayar ko tsibi abin so ne a makaranta. A 1968 masanin ilimi Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya yi jayayya cewa siffar tsibi ta abin da aka bar wa sa'a ce, koyarwa kuwa aiki ne da ake yi da niyya, don haka malamin da ya koyar da kyau ya kamata ya ga yawancin ajinsa sun taru a sama. A ganinsa kyakkyawan tsibi a ƙarshen zango alama ce ta cewa koyarwar ba ta canza komai ba. Ya ba da shawarar kowane yaro ya ƙware a darasi kafin ya wuce, ko da lokacin da zai ɗauka ya fi na wani. Wanda ya yi makarantar allo zai yi murmushi a nan. Ba a wanke allo sai an iya abin da ke kai. Wani ya sauke a shekara huɗu, wani a bakwai, ba a kuma taɓa cewa dole kashi 3 cikin 100 su faɗi don lissafi ya daidaita ba. Tsangaya tana da nata matsalolin da muka sani, ba yau za mu buɗe su ba, amma a wannan gaɓa ta riga Chicago.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi wuyar gani don ba ya cikin kowane jadawali. Ƙa'idar taku uku tana ƙirga waɗanda suka zauna a ɗakin jarrabawa ne kawai. Yarinyar da iyayenta suka kwashe ta zuwa Gidan Rumji ba a ba ta sifiri ba. Sifiri ma lamba ce, da ta ja matsakaici ƙasa, da wani ya lura. Ita ba ta cikin lissafin sam. Kuma waɗanda suka fara ɓacewa daga aji galibi su ne na ƙauyukan nesa, masu zuwa a ƙasa, waɗanda dama suka fi rasa darasi.

Mu ƙaddara aji mai yara 60 a wata firamare ta gundumar Tsamaye. Arba'in 'yan cikin gari ne, matsakaicinsu 50. Ashirin daga ƙauyukan kewaye suke zuwa, matsakaicinsu 26. Matsakaicin aji duka 42. Aka kai hari da damina, ƙauyukan suka watse, ashirin ɗin nan ba su dawo ba. Zango na gaba aka yi jarrabawa, ba wanda ya ƙara ko maki ɗaya. Hedimasta ya tara, ya raba da 40, ya sami 50. Takun ma ya ragu, tsibin ya yi kyau ya daidaita, har ya fi na bara kama da zanen littafi. Ya cike fom ya aika ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a gurbin da aka rubuta ci gaba ya sa maki 8.